Mai Wucewa da Mazauni: Tarihin Taƙaddamar Rage Gudu a Hanyar Kura

Gabatarwa

A wata ranar Juma'a cikin watan Yunin 2024, jama'a sun idar da salla a garin Imawa da ke ƙaramar hukumar Kura, suna cikin watsewa, sai wata tirela ta ƙwace wa direbanta ta afka cikinsu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta tabbatar da rasuwar mutum 14. Allah Ya jiƙansu da rahama. Wata shida bayan haka, a Disambar wannan shekara, Ministan Ayyuka na Tarayya, David Umahi, ya ba da umarnin a cire tuddan rage gudu da aka yi barkatai a kan manyan hanyoyin tarayya, saboda suna tsawaita tafiya, suna kuma jawo haɗari.

Ministan bai yi maganarsa don Imawa ba, amma wanda ya jera al'amuran biyu zai ga hoton wata gardama da ta daɗe a garuruwan da ke bakin titi. Duk lokacin da mota ta ɗauki rai, abin da mutanen gari ke fara nema shi ne a yi tudu a kan titi don a tilasta wa direba taka burki. Direbobi da 'yan kasuwa su ce an takura musu, hukuma kuma ta ce ba a nemi izininta ba. Wannan maƙala za ta bi sawun gardamar a yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, domin ta nuna cewa tushenta ya girmi tudun kansa. Ayyuka biyu na gwamnati ne suka haɗu a wuri ɗaya ba tare da an daidaita su ba: ɗaya ya tara mutane a bakin hanya, ɗayan ya shimfiɗa hanyar kamar babu kowa a bakinta.

Hanya a Zamanin Fatake

Kura ba baƙuwar hanya ba ce. Tun a ƙarni na 19 garin ya yi suna wajen rini da bugu, har rawanin nan mai sheƙin shuni ya samu sunan ɗan Kura, Buzaye suna sayensa su kai shi Agadas da cikin Sahara. Sana'a irin wannan ba ta rayuwa sai da zirga-zirga. Ana kawo sawaye daga masaƙa, a tsoma su a karofi, a kai mabuga, sannan fatake su ɗaura wa jakuna su nufi kasuwar Kurmi. Nisan Kura da birnin Kano kimanin kilomita 30 ne, wato tafiyar kusan yini guda ga jaki mai kaya.

Abin lura a wancan zamani shi ne matafiyi da mazauni gudunsu ɗaya. Jakin fatake bai fi yarinya mai talla sauri ba. Ayari kuma ba ya ratsa gari yadda ya ga dama. Garuruwa masu ganuwa suna da ƙofofi, ƙofa tana da mai tsaronta, akwai zango a inda baƙi ke sauka, akwai madugu da ke amsa laifin mutanensa. Idan dabbar ayari ta yi ɓarna a gona, an san wanda za a kama da wanda za a kai wa ƙara. Saboda haka gari yana da iko a kan wanda ya bi ta cikinsa, kuma babu mai musun wannan iko.

Ko rundunar Turawa da ta ci Kano a wannan gudu ta zo. Kanar Morland ya tashi daga Zariya a ƙarshen Janairun 1903, ya fasa Bebeji ranar 1 ga Fabrairu, ya shiga Kano ranar 3 ga wata. Tafiyar da ta ɗauke shi kwana biyar, yau ƙaramar mota tana yin ta cikin ƙasa da awa biyu.

Zuwan Mota

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kwashe manyan kaya daga bayan jakuna. Sannu a hankali hanyar mota ta biyo baya. A zamanin En'e, ta hannun hakimai da dagatai ake tara talakawa su share hanya, su cike ramuka bayan damina. Wannan aiki na tilas ne, mutane ba su ƙaunarsa, amma ya bar wani tunani da bai gushe ba: hanyar da ta ratsa garinmu da guminmu aka yi ta. Motocin lokacin kaɗan ne, mafi yawa manyan motocin gyaɗa da auduga, kuma hanyar burji mai gargada ita da kanta take hana gudu. Ƙura da rugugi suna sanar da zuwan mota tun tana nesa.

Kwalta ce ta sauya lissafi. Da hanya ta yi santsi, mota ta daina tsayawa a kowane ƙauye, direba ya zama baƙon da ba a san sunansa ba, ba a san ubangidansa ba. Ikon hanyar kuma ya tashi daga hannun dagaci ya koma hannun injiniyoyi. An kasa hanyoyin Nijeriya gida uku: na tarayya, na jiha, da na ƙananan hukumomi. Hanyar Kano zuwa Zariya ta faɗa kashi na farko. Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da haka, domin ya sa gini da gyaran manyan hanyoyin tarayya cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da hurumi a kansu, ya bar wa ƙaramar hukuma titunan cikin gari. Ma'anar wannan ita ce kansila da shugaban ƙaramar hukuma, waɗanda su ne talaka ke iya gani ido da ido, ba su da ikon taɓa titin da ya fi kowane cin rai a yankinsu.

Ruwan Tiga da Cikar Bakin Titi

An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, aka naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako gwamna. Babban abin da ake tunawa da shi shi ne madatsun ruwa. An gina ta Bagauda, aka fara gwajin noman rani a Kadawa, sannan aka gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Sahel. Wani kamfanin injiniyoyi na ƙasar Holan mai suna NEDECO ne ya tsara Aikin Noman Rani na Kogin Kano, wanda kashinsa na farko aka ƙiyasta zai shayar da hekta 22,000. Daga baya aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976. Ruwan yana gangarowa da kansa ba tare da injin ba, ta babbar kanal zuwa ƙananan magudanai, har ya isa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam.

Kafin wannan, noman rani na masu fadama ne da jigo, kuma da zarar an kai amfanin damina gida, samari su tafi cirani. Ruwan Tiga ya tsayar da su a gida, ya kuma jawo wasu daga nesa. Aka shiga noman alkama, musamman bayan da gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987, da tumatir da albasa da masara, daga baya shinkafa ta mamaye. Amfanin lambu kuwa ba ya jiran mai saye. Tumatirin da aka tsinka da safe, in bai hau mota ba, kwana kaɗan ya ruɓe. Don haka kasuwa ta bar tsakiyar gari ta fito bakin kwalta. Kwanar Gafan ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin tumatir na Arewa, inda ake loda kwanduna zuwa Legas da sauran biranen Kudu. Karfi, inda hanyar Bunkure da Rano ta rabu, ta yi suna da masu sayar da masara. Kura ta cika da injinan casar shinkafa, mata suna turarawa, ana shanya a kowane fili. A 2016 kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a Kadawa.

Sakamakon haka, titi ya raba mutum da abincinsa. Gida yana wannan hannu, gona tana wancan. Makaranta tana gabas, unguwar yaran tana yamma. Mai babur ɗauke da buhun taki, da mai amalanke, da makiyayi da garkensa, da 'yan ƙwadagon dashen shinkafa, kowa sai ya tsallaka, wani ma sau huɗu a yini. Ga mai mota wannan wuri tsakiyar tafiya ne, ga manomi kuwa ƙofar gida ce.

Tagwayen Titi

A zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida aka mayar da hanyar tagwaye daga Kano har Abuja. A wannan zamani ne kuma, a 1988, aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a ƙarƙashin Farfesa Wole Soyinka. Da shekaru suka ja, kwaltar ta farfashe, ramuka suka yi yawa. Ramukan sun kashe mutane da dama, sun kuma ba 'yan fashi dama, amma sun rage gudu ba tare da kowa ya shirya hakan ba. A ƙarshen 2017 aka ba kamfanin Julius Berger kwangilar sake gina hanyar mai tsawon kilomita 375, aka fara aiki a 2018. Kashin Zariya zuwa Kano, mai kilomita 137, shi ne ya ratsa yankin noman rani. Kowa ya yi murna da sabon titi, kuma murnar tana da dalili. Sai dai titi mai kyau yana kiran gudu.

Dokar hanya ta Nijeriya ta ba ƙaramar mota damar yin kilomita 100 a awa a kan babban titi, amma ta taƙaita ta ga kilomita 50 a cikin gari. A nan gizo yake saƙa. Shin titin da ya ratsa Karfi ko Imawa ko Kwanar Gafan babban titi ne ko cikin gari ne? A takardar injiniya babban titi ne. A idon mai tsallakawa cikin gari ne. Bambancin kuwa ba ƙarami ba ne. Motar da ke kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Tsohuwa ɗauke da kaya tana bukatar kamar daƙiƙa bakwai kafin ta ƙetare hannu ɗaya na titin, kuma a wannan ɗan lokaci motar ta ci kusan mita 200. Ga shi kuma idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da burki ke bukata kafin mota ta tsaya ninkawa yake yi sau huɗu. Idon da ya saba auna saurin babur a hanyar gona ba zai iya auna wannan ba, balle idon yaro.

Ɓangarorin Taƙaddama

Duk wanda ya bi hanyoyin ƙasar Kano ya ga amsar da garuruwa suka saba bayarwa. Bayan jana'iza, samari su fito su jera itatuwa ko tsofaffin tayoyi, ko su tara jar ƙasa, in an samu kuɗi a yi karo-karo a zuba siminti. Hujjarsu a fili take. Sun ce allon gargaɗi ba ya tsayar da kowa, jami'in hanya ba ya kwana a garinsu, tudu kuwa yana nan dare da rana, kuma ba ya karɓar na goro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Direbobi su ma ba su rasa abin cewa ba. Tudun da aka yi ba bisa awo ba, babu fenti, babu allo, tarko ne da dare. Yana karya ƙarfen mota, yana kifar da babbar mota mai dogon lodi, wanda ke biye kuma ya daki na gaba. Inda mota ta rage gudu a wurin da babu jama'a, nan ɓarayi ke jira. Motar asibiti ɗauke da mai naƙuda ita ma sai ta hau kowane tudu. Akwai kuma gaskiya mai ɗaci da masu neman tudu ba su cika son ji ba, wato motar da burkinta ya riga ya shanye tudu ba ya tsayar da ita. Maganin wannan yana wurin duba lafiyar manyan motoci da hana lodin wuce kima.

Abin da ya bambanta wannan yanki da sauran wurare shi ne sau da yawa mutum ɗaya ne yake tsaye a ɓangarorin biyu. Manomin da ke son mota ta yi rarrafe a ƙofar gidansa saboda 'ya'yansa, shi ne kuma ke son motar tumatirinsa ta isa Legas kafin kaya su lalace, alhali kowane tudu a hanya yana girgiza kwando, na ƙasa yana matsewa. Mai sayar da masara a bakin titi yana son a rage gudu don ya tsira da ransa, yana kuma so don mai mota ya tsaya ya saya, shi ya sa direbobi ke zargin cewa wasu tuddan na ciniki ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, domin kasuwar da ta cinye gefen titi ita ma tana da hannu a haɗarin.

'Yan siyasar yanki kuwa suna tsaka mai wuya. Jama'a su je wa kansila da kuka, kansila ya kai wa shugaban ƙaramar hukuma, shi kuma ba shi da abin yi illa rubuta wasiƙa zuwa ga hukumar da ke da titin. Jihar Kano ta kafa hukumar KAROTA a 2012, amma ƙarfinta ya fi yawa a cikin birni. Daga sama kuma umarnin da ke saukowa kusan kullum iri ɗaya ne. A 2017 Majalisar Dattawa, bisa ƙudurin da Sanata Barnabas Gemade ya gabatar, ta nemi a cire tuddan da aka yi ba bisa ƙa'ida ba a hanyoyin tarayya. A wannan shekara ce Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. Bayan shekara bakwai minista ya maimaita umarnin cirewa, ya ce mai son tudu ya nemi izini. Maimaitawar da kanta shaida ce cewa umarnin farko bai kashe maganar ba. Ana rushe tudu, ba a rushe dalilin da ya sa aka gina shi, sai ya sake tsirowa bayan jana'iza ta gaba.

Abin da Ya Faru a Wasu Ƙasashe

A shekarun da injiniyoyin Holan ke auna gonakin Kadawa, ƙasarsu tana cikin irin wannan rikici. A 1971 haɗarin mota ya kashe fiye da mutum 3,000 a Holan, sama da 400 daga cikinsu yara. Iyaye suka kafa gangami mai taken a daina kashe yara, suna toshe tituna. A birnin Delft aka fara gwada titunan unguwa da aka gina da gangan yadda mota ba za ta iya gudu ba. Maimakon gwamnati ta tsaya ga rushewa, sai ta karɓi tunanin ta sa masa ƙa'ida, a 1976 ya shiga doka. Suka kuma rarrabe hanyoyinsu sarai: wadda aka yi don gudu an nisanta ta da gidaje, wadda ta shiga cikin mutane an hana ta gudu.

Misalin Gana ya fi kusa da mu. A mahaɗar Suhum da ke kan babbar hanyar Accra zuwa Kumasi, hukuma ta shimfiɗa ƙananan tuddai jere da juna, irin waɗanda ke sa mota kakkarwa su farkar da direba ba tare da sun karya masa mota ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2004 ya nuna haɗurra sun ragu da kashi 35 cikin ɗari a wurin, mace-mace kuma da kashi 55. Hanya ce ta manyan motoci kamar tamu, mai ratsa kasuwa kamar tamu. Abin da ya bambanta shi ne injiniya ne ya auna, ba fushin ranar makoki ba.

Kammalawa

Mutanen Kura da Bunkure ba sa bukatar zuwa Turai kafin su san yadda ake raba abin da kowa ke bukata. Shekara hamsin ke nan suna raba ruwa. Sun san cewa in na kusa da bakin kanal ya toshe ruwa don gonarsa, na ƙarshen layi ya yi asara, in kuma aka saki ruwa babu ƙofa, ya yaga magudana. An sha faɗa a kan wannan, har aka kai ga kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya ƙarfafa. Ba a daina saɓani ba, amma yanzu akwai wurin zama, akwai ranar kowa, akwai wanda ake tambaya.

Titi ne bai samu irin wannan zama ba. Tun daga ranar da iko ya bar ƙofar gari ya koma ofis, ba a sake samar da inda mazauni da mai wucewa za su fuskanci juna ba, sai dai a kan gawa. Tarihin da aka bi a sama yana nuna abin da ya rage a yi. Hukumar da ke da titin ta amince a hukumance cewa wurare irin su Karfi da Imawa da Kura da Kwanar Gafan cikin gari ne, ta auna su, ta sa abin rage gudu mai fenti da allo tun daga nesa, ta yi gadar tsallakawa a inda mutane ke tsallakawa da gaske, mai gangaren da babur da amalanke za su iya hawa. Ƙananan hukumomi su ja kasuwanni baya daga kwalta, su yi wa motocin lodi fili, wannan kam yana cikin huruminsu. Dagatai da limamai da ƙungiyoyin direbobi da na manoma su zama cikin masu shawara tun kafin a zuba siminti ko a fasa shi.

Ruwan Tiga ya kawo arziki, sabon titi ya kawo sauƙi, kuma babu mai son a koma zamanin jaki. Amma mintuna kaɗan da direba zai rasa tsakanin Tamburawa da Ciromawa ba su kai ran yaro ɗaya da aka aika kai abinci gona ba. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Waɗanda suka fito daga masallacin Imawa a wancan Juma'a gida kawai suke son zuwa.